Mita tana nuna min mainos a ƙafar tiransisto, fitilar kuma ta fara ɗingishi

Auta
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman taimakonku a kan wani ɗan sakit da na haɗa. Irin fitilun nan ne guda biyu masu ƙyaftawa bi da bi, wannan ta kama waccan ta mutu. Kayan da na sa: tiransisto BC547 guda biyu, jan LED biyu (su ne fitilun), rizista 470 om a layin kowace fitila, rizista 100k biyu masu zuwa ƙafar tiransisto da ake kira bes (sauran ƙafafunsa biyu su ne kalekta da emita), sai kafasita 10uF biyu.

Da farko na gwada shi da ɗan batir mai bolt 9, ya yi aiki lafiya lau. Na ƙirga, kowace fitila tana kamawa sau 47 a minti ɗaya. Sai na mayar da shi kan batirin solar shagon yayana, mai bolt 12, na maƙala shi a bakin ƙofa. Yau sati uku ke nan. Yanzu fitilar hagu ta dushe, kuma da ta kama sai ta mutu nan take, ta dama ce ke daɗewa. Yayana ya ce ya lura ma da rana sun fi sauri.

Na ɗauko mita na auna, abin da na gani ya ƙara rikita ni. Batirin da aka rubuta 12 a jikinsa, mita ta ce 16.4. Ƙafar kalekta idan fitila ta mutu ba ta kai ƙarfin batir, wannan tun ina kan batir 9 na lura, 7.4 take tsayawa. Abin da ya fi damuna shi ne ƙafar bes: lambobin tsalle suke yi, yanzu 0.8, an jima -3, har -8.8 na gani. Baƙar wayar mita tana kan mainos ɗin batir. To daga ina wuta ta samu hanyar zuwa ƙasa da sifili? Batir ɗaya ne fa a wurin.

Baba Mai Rediyo
Wa alaikumus salam ɗana. Kafasita ce. Ko dai ka juya ƙafarta, ko kuma ta bushe. Duba gefen da ke da farin layi, shi ne mainos, shi zai tafi bes, ɗaya ƙafar ta tafi kalekta. In daidai ka sa, cire su duka biyun ka sa sababbi. Ɗingishi a irin wannan sakit ɗin kusan kullum daga nan yake.

Mai Sola
Ku dakata da zancen fitila tukuna. Auta, 16.4 ka ce? In da gaske ne, kwantirolar cajin shagon ta mutu, fanel yana zuba wuta kai tsaye cikin batir. Batirin dalma mai 12 idan ya cika ya huta 12.6 zuwa 12.8 yake nunawa, idan yana kan caji da rana 13.8 zuwa 14.4. Ya wuce haka da yawa, tafasa yake yi. Je ka taɓa jikinsa yanzu. Ya yi zafi? Ya kumbura? Kana jin wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai? In eh, cire wayar fanel, ka buɗe ƙofa iska ta shiga, kada wanda ya kunna ashana a wurin.

Auta
Yaya Mai Sola na je na duba. Batirin sanyi ƙalau, babu wari, kuma ɗan gilashin kwantirola 14.1 yake nunawa. Baba, kafasitocin daidai na sa su, na sake dubawa.

Anti Injiniya
To alhamdu lillahi, batir lafiyarsa lau. Ƙanena, wace irin mita ce a hannunka? In irin ƙaramar nan ce mai ruwan ɗorawa, DT830 da danginta, duba kusurwar gilashinta ko akwai ɗan hoton batir.

Auta
Ita ce Anti. Hoton yana nan, ya kai wata guda da fitowa. Tunda lambobi suna fitowa sarai ban ɗauka yana da illa ba.

Anti Injiniya
Yana da ita, babba ma. Mita ba ta san bolt ba sai ta hanyar kwatantawa. A cikinta akwai wani tsayayyen ƙarfin wuta da take riƙe da shi a matsayin mudu, duk abin da ka kawo da shi take aunawa. Idan batirinta ya yi sanyi, mudun ne yake ƙanƙancewa. Ka ga kuwa in mudu ya ƙanƙance, buhun da ke cin mudu arba'in sai ya ci arba'in da bakwai, alhali hatsin bai ƙaru ba. Shi ya sa mita mai mataccen batir take ƙara lamba, ba ragewa ba. Raba 16.4 da 14.1, za ka samu kusan 1.16, wato duk awon da ka yi yau ta ɗora masa kashi 16 cikin ɗari. Sayo sabon batir mai 9 ka sa mata kafin mu ci gaba, don kada mu ɓata dare muna fassara lambobin da ba su nan.

Na Kurna
Anti, nawa ma haka ne ke nan? Jiya na auna batirin motar gidanmu ta nuna min kusan 27, kuma batirin mitar sabo ne.

Anti Injiniya
Naka daban ne. Duba inda ka murɗa makunnin, ina kyautata zaton yana kan awon wutar NEPA, gefen da ke da alamar lanƙwasa. Waɗannan ƙananan mitoci a wancan gefen dayod ɗaya kawai suke da shi, wato abin da ke barin wuta ta bi ta gefe guda kaɗai, sai su ninka abin da ya wuce da wajen 2.2, saboda sun ɗauka rabin wutar suka gani. Ka ba su wutar batir, sai su ninka ta ita ma. Juya wayoyin ka gani, sifili za ta nuna. Mayar da makunnin gefen da ke da miƙaƙƙen layi, kan 20.

Na Kurna
Haka ne wallahi. 12.5 yanzu. Na gode Anti.

Auta
Na sa sabon batir. Batirin shago 14.1, daidai da kwantirola. Amma sauran biyun suna nan. Kalekta 12.5 idan fitila ta mutu, bes kuma har yanzu yana zuwa mainos, na ga -7 sau ɗaya.

Malamin Kimiyya
Madalla. Yanzu sauran biyun ba ciwo ba ne, haka sakit ɗin yake aiki, sai dai ɗaya daga ciki yana ɗauke da amsar ɗingishin. Bari in fara da mai sauƙin.

Kalekta ba zai kai ƙarfin batir ba domin tsakaninsa da batir akwai LED. Jan LED idan yana haske sosai yana cin wajen bolt 1.8 zuwa 2. Ko da wutar da ke bi ta cikinsa 'yar mitsitsiya ce, sai ya riƙe wajen 1.6. Ita kanta mitarka tana jan wuta idan ka ɗora ta, domin irin taka cikinta kamar rizista ce mai om miliyan ɗaya. Cire 1.6 daga 9, ga 7.4 ɗinka. Cire daga 14.1, ga 12.5. In kana son tabbatarwa, sa rizista 10k a gefen LED ɗin, ƙafa da ƙafa, ka sake aunawa a kan batir 9, za ka ga ya haura wajen 8.9. Ka cire ta bayan gwajin.

Sai mainos. Ka tsaya a bakin rijiya da guga, igiyar kuma gajera ce, tsawonta ba ya canzawa. Ka ɗaga hannunka sama, gugan yana reto dab da bakin rijiyar, ɗan sama kaɗan. Yanzu sunkuya da sauri ka kai hannunka bakin rijiyar. Ina gugan? Ya shiga ciki, zurfin tsawon igiyar. Babu wanda ya tura shi daga ƙasa, kai ne ka sauke hannu.

Kafasita ita ce igiyar. Ba ta yarda bambancin da ke tsakanin ƙafafunta biyu ya canza a take. A kan batir 9, ƙafarta ta fulos tana kan kalekta a 7.4, ta mainos tana kan bes ɗin ɗaya tiransiston a 0.7. Tsawon igiya 6.7 ke nan. Da tiransiston farko ya kama, kalektansa ya faɗo daga 7.4 zuwa wajen 0.1 cikin ƙiftawar ido. Ɗaya ƙafar dole ta bi shi ta sauka da irin wannan tazarar, sai ta tsinci kanta a wajen -6.6. Wannan mainos ɗin ne yake kashe tiransisto na biyu. Daga nan rizista 100k ta fara jawo gugan a hankali, -5, -3, -1, sifili, da ya kai 0.6 sai tiransisto na biyu ya kama, ya yi wa ɗan'uwansa abin da aka yi masa. Lokacin hawan gugan shi ne tsawon ƙyaftawar. Ba don mainos ɗin ba, fitilar ba za ta ƙyafta ba ko sau ɗaya.

Lambobin kuma suna tsalle ne domin mita sau biyu ko uku kawai take leƙawa a daƙiƙa ɗaya, duk inda ta tarar da gugan nan take faɗa maka.

Auta
Malam Allah ya saka da alheri, misalin gugan nan ya zauna min. Akwai yadda zan ga hawan da idona? Ba ni da na'urar nan mai zana igiyar wuta a gilashi.

Malamin Kimiyya
Akwai. Cire 10uF ka sa 100uF, komai zai ragu da sauri sau goma, kowane gefe zai ɗauki wajen daƙiƙa shida. Mita za ta samu damar bin sa lamba bayan lamba. Fara da batir 9.

Anti Injiniya
Ka yi na 9 ɗin yadda kake so. Na batirin shago kuma ka yi zagaye uku ko huɗu kawai, ka rubuta mafi zurfin lambar da ka kama a kowane bes, ka cire. Zan faɗi dalili in ka kawo lambobin.

Baba Mai Rediyo
Malam bayaninka ya yi, ban ƙi ba. Amma yaron nan ya zo da fitila mai ɗingishi, har yanzu ba a gyara masa ba. Ni a bencina da tuni na canza kaya huɗu an wuce wurin.

Auta
Na dawo. Gani ya kori ji! A kan batir 9 na ga -6.3, sai -5.5, -4.8, yana ta hawa har 0.6, sai fitilar ta juya. Na zauna ina kallo ya fi sau ashirin. A kan batirin shago kuma bes na hagu -7.0 ne mafi zurfi, na dama -8.2.

Anti Injiniya
Yauwa, ga ɓarawon. Yi lissafin Malam da kanka a kan 14.1. Kalekta 12.5, cire 0.7, igiya ta zama 11.8. Ya kamata ka ga wajen -11. Ka ga -7 da -8. Ina sauran?

Tsakanin bes da emita mahaɗa ce irin ta dayod, amma ba a gina ta don ta jure wutar baya mai yawa ba. Takardar bayanan da kamfani ke fitarwa a kan BC547 ta ce iyakarta bolt 6. Na tiransisto 2N3904 ma 6 ne, C945 kuma 5. A aikace sukan jure fiye da haka kaɗan, yawanci a wajen 7 zuwa 9 suke ɓallewa su bar wuta ta wuce ta baya, kamar irin dayod ɗin nan da ake kira Zener. A kan batir 9 kana bakin gaɓa, LED ɗin nan da ya ci 1.6 shi ya cece ka. A kan 14 kuwa, duk juyawa ɗaya sai mahaɗar ta ɓalle, kafasita ta juye rarar cajinta ta cikinta, kuma a wannan hanyar babu rizista ko ɗaya da za ta rage ƙarfin. Sau sittin da wani abu a minti, dare da rana, sati uku. Lissafa, ya haura sau miliyan ɗaya da rabi.

Tiransisto ba ya ƙonewa da wannan a take. Abin da yake yi shi ne ƙarfin ninkawarsa, wato hFE, yana raguwa a hankali, kuma ba ya dawowa da kansa.

Maganar yayanka ma shaida ce. In sakit ɗin nan yana cikin lafiyarsa, saurinsa kusan bai damu da ƙarfin batir ba, domin in batir ya ƙaru, zurfin gugan ya ƙaru, ƙarfin jawo shi ma ya ƙaru. Amma naka zurfin ya tsaya a 7 da 8, ƙarfin jawowa ne kaɗai ke ƙaruwa da rana idan fanel ya kai batir 14. Dole ya fi sauri.

Baba Mai Rediyo
'Yata, a nan kam ban yarda ba. Na fi shekara ashirin ina haɗa wa masu babur da masu kanti irin wannan fitilar a kan batir 12, da C945 ma, wanda kika ce 5 ne iyakarsa. Akwai wadda na haɗa wa maƙwabcina mai shayi, shekararta huɗu a kan teburinsa, ruwan sama da ƙura duk ta sha, har gobe tana ƙyaftawa. In maganarki haka take da tuni ta mutu. Takarda daban, benci daban.

Anti Injiniya
Baba ban musa maka ba ko kaɗan, na san tana aiki. Don Allah faɗa mana kayan da kake sawa.

Baba Mai Rediyo
1k a fitila, 10k a bes, kafasita 100. Tun da na koya haka nake yi.

Anti Injiniya
To ka ga inda ka fi Auta. A naka, wutar fitila wajen miliyam 10 ce, wadda ke shiga bes ta 10k kuma wajen 1.2. Ninki tara kawai kake nema a wurin tiransisto. Ko ƙarfinsa ya faɗo daga 300 zuwa 50, fitilarka ba za ta sani ba.

Na Auta kuwa: 14.1, cire 2 na LED, cire 0.2, raba da 470, miliyam 25 ke nan, wanda ma ya wuce 20 da aka saba ba ƙaramin LED. Bes kuma ta 100k yana samun miliyam 0.13. Raba su, ninki 190 yake nema. BC547B sabo daga 200 zuwa 450 yake. Ka ga tun ranar farko a bakin iyaka yake tsaye. Da ƙarfin ya ɗan ragu, tiransiston ya kasa kamawa sosai, fitila ta dushe, kalektansa ya ɗago daga ƙasa, ya turo gugan ɗaya gefen sama da wuri, sai lokacinsa ya gajarce. Dushewa da gaggawa, abu biyun da ya faɗa. Naka ma yana shan dukan, Baba, da 100uF ma ya fi sha, amma ka ba shi rarar da zai jure.

Baba Mai Rediyo
Wannan lissafin na karɓa, 100k ta yi yawa, da ya tambaye ni da ban bar shi ya sa ba. Amma ga tambaya. Wa ya ce na hagun ba rago ba ne tun daga kanti? Kayan da ake sayarwa a leda yanzu, wani an goge lambarsa an buga wata. Kuma BC547 akwai mai A, mai B, mai C. Mai A daga 110 yake farawa. In A ya samu a hagu, ai ba sai an kawo zancen ɓallewa ba. Ɗana, karanta min harafin da ke bayan 547, ka kuma musanya su, na hagu ya koma dama.

Ɗan Kwamfuta
Ni dai da za ku ji tawa, a bar wannan wahalar. NE555 ɗaya, wato ɗan sakit ɗin ƙidayar lokaci da ke zuwa a rufe, rizista biyu, kafasita ɗaya, an gama. Yana aiki daga bolt 4.5 zuwa 16, babu mainos babu komai.

Malamin Kimiyya
555 abin kirki ne, tun farkon shekarun 1970 da Hans Camenzind ya tsara shi ake cin moriyarsa, kuma in fitilar kanti ce kawai ake so shawararka daidai ce. Amma a cikin 555 komai a rufe yake. Wannan kuwa a buɗe yake, duk inda ka sa tsinken mita akwai abin gani. Ya ma girmi tiransisto: Henri Abraham da Eugène Bloch ne suka ƙirƙiro shi a Faransa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, da kwalaben rediyo irin na da. Yaron da a kwana ɗaya ya gano mitarsa tana ƙari, ya ga caji yana hawa da idonsa, ya kuma ji abin da ake nufi da iyakar takarda, ina ganin a bar shi ya ƙarasa.

Auta
Baba duka biyun B ne a jiki. Na musanya su, ɗingishin ya koma dama, ya bi tiransiston. Idan ya kama kalektansa 1.9 yake nunawa maimakon 0.2 na ɗan'uwansa. Sai na tuna mitar tana da 'yan ramukan nan na hFE. Mai ɗingishin 138, ɗayan 296. Sauran guda uku da suka rage a ledar da na sayo su tare: 305, 322, 290.

Anti Injiniya
Huɗu daga leda ɗaya suna wajen 300, ɗaya tilo yana 138, kuma shi ne wanda ya ɓalle a -7. Ruwa ba ya tsami banza.

Baba Mai Rediyo
To me ya sa na daman bai lalace ba? Ai tare suka sha dukan, sati uku sati uku.

Anti Injiniya
Tambaya ce mai kyau Baba. Ba duka ɗaya suka sha ba. Wanda ya ɓalle a 7 rarar bolt kusan 5 yake haɗiya duk zagaye, wanda ya ɓalle a 8.2 kuma ƙasa da 4. Sannan ko daga injin ɗaya suka fito, jurewarsu ba ta zama ɗaya. Amma na yarda da kai a kan abu guda: Auta bai auna su ba kafin ya haɗa, saboda haka wannan lambar ita kaɗai ba ta yanke hukunci ba. Ita ma mitar da 'yar ƙaramar wuta take gwada hFE, ba da miliyam 25 ba, kuma a ƙaramar wuta ne wannan lalacewar ta fi bayyana.

Baba Mai Rediyo
Yauwa. To a yi gwaji a huta. Ɗana, kana da guda uku sababbi, ka san lambobinsu. Ɗauki biyu ka sa a tsohon haɗin, kada ka canza komai, ka bar shi a kan batirin shago wata guda. Sai mu sake aunawa. In sun faɗi, zan faɗa a zauren nan cewa 'yata ta yi gaskiya, kuma zan fara sa dayod a nawa.

Anti Injiniya
Na amince. Sai dai ka manna musu alama, don a san wane ne wane, kuma ka auna su da safe duka biyun lokutan, domin zafi yana ɗaga hFE. Kada ka riƙe su da yatsa lokacin awo.

Mai Sola
Ka kuma sa ɗan fiyus a wayar fulos kusa da batirin, ko na rabin amfiya ne. Batirin sola ba irin ɗan batir 9 ba ne, in wayoyi biyu suka haɗu a allon gwaji narkewa za su yi, shago ne kuma da kaya a ciki.

Auta
In sha Allahu zan yi duka. To fitilar ƙofar fa, yaya zan gyara ta? Yayana yana tambaya.

Anti Injiniya
Haɗa sabuwa haka. Rizistar fitila 1k, wutar za ta dawo wajen miliyam 12, jan LED zai haska ishasshe. Rizistar bes 47k, kafasita 22uF mai jure bolt 25. Sai dayod 1N4148 a gaban kowane bes: mahaɗar rizista da kafasita ta shiga ƙafar da ba ta da zobe, ƙafar mai baƙin zobe ta tafi bes. Idan gugan ya nutse, dayod ɗin ne zai tare, shi kuma yana jure bolt 75 ta baya. Ninkin da kake nema zai dawo wajen 45, ko mai 138 ɗin nan zai iya. In ka ga tiransisto yana jinkirin mutuwa, ƙara 100k daga bes zuwa mainos.

Wata hanyar kuma, ka ba sakit ɗin bolt 5 ta 7805, wato abin da ke sauke wuta zuwa bolt 5, ko ta cajar waya, mainos ɗin ba zai wuce -3 ba, ba ka buƙatar dayod.

Baba Mai Rediyo
In ka je sayen kaya ba ka samu BC547 ba aka ba ka C945, ka kula da ƙafafu. Ka fuskanci gefen da ke da rubutu, ƙafafu suna kallon ƙasa. BC547 daga hagu: kalekta, bes, emita. C945: emita, kalekta, bes. 2N3904: emita, bes, kalekta. Yara da yawa sun kawo min allo suna cewa kaya jabu ne, ashe ƙafa suka juya. Kuma abin haushin, in ka musanya kalekta da emita yakan ɗan yi aiki sama-sama, sai ka ɗauka daidai ne.

Malamin Kimiyya
Auta, kafin ka kunna sabon, rubuta hasashe a takarda. Lissafin da ake koyarwa shi ne kowane gefe yana ɗaukar 0.69 sau rizista sau kafasita. 47k da 22uF suna ba da wajen daƙiƙa 0.7, zagaye ɗaya 1.4, wato ƙyaftawa 43 a minti. Irin waɗannan kafasitocin sukan kauce da kashi 20 cikin ɗari sama ko ƙasa, saboda haka kada ka damu in ka samu 40 ko 48. Abin da nake so ka duba shi ne ko lambar rana da ta dare za su zo ɗaya. Tsohon haɗin kuma da sababbin tiransisto, ina sa ran wajen 58 da dare, sama da 60 da rana.

Auta
Salamu alaikum, ga rahoto bayan kwana biyu. Sabuwar tana ƙofa tun jiya, fiyus yana wurinsa. Da azahar batir 14.2, ƙyaftawa 45. Bayan isha'i batir 12.6, ƙyaftawa 45. Fitilun biyu haske ɗaya, lokaci ɗaya. Kalekta idan ya kama 0.1. A mahaɗar kafasita kafin dayod na kama -10.4, a bes ɗin kansa kuma mita ba ta nuna komai sai sifili da 0.7.

Tsohon haɗin yana kan kanta a cikin shago. Na manna wa na hagu jan selotef, hFE 305, na dama baƙi, 322, na auna su da ƙarfe bakwai na safe. Da rana 64, da dare 59.

Abu ɗaya kuma, Anti. Na ɗora mita a kan kafasitar kanta, jan waya a fulos, baƙa a mainos. Dab da fitila za ta juya sai na ga ta nuna mainos 1 da ɗan wani abu, wato wutar ta juya mata. Ba zai fasa ta ba?

Anti Injiniya
A tsohon haɗin juyawar wajen rabin bolt ce, a sabon kuma dayod ya ƙara nasa 0.6, shi ya sa ka ga ta haura 1. Na ɗan lokaci ne a ƙarshen kowane zagaye, kuma ta cikin 47k wutar take zuwa, kafasitar alminiyam tana jure wannan. In kana so ka rage shi, akwai masu mayar da dayod ɗin ƙafar emita, a nan juyawar takan dawo wajen rabin bolt, sai dai kalekta ba zai sauka ƙasa da 0.9 ba. Bar ta yadda take.

Baba Mai Rediyo
Na rubuta 305 da 322 a bangon shagona da alli, da kwanan wata. Kada ka taɓa allon nan ɗana, ko ƙura ce ka bar ta. Ranar da wata ya cika ka tuna mana.